Wuƙar Saje da Ragon Layyata

Bakina ne ya ja mini, kamar kullum. Shekarar da na fara yin babbar salla a Guangzhou ta ƙasar Sin, ofishina a benen Tianxiu yana jikin na wani dattijo ɗan ƙasar Nepal mai kula da lodin kwantena a tashar jiragen ruwa ta Huangpu. Gajere ne kakkaura, takalminsa kullum sai sheƙi. Saje muke ce masa, don ya yi wa Ingila aikin soja a Hong Kong har ya yi ritaya. Ubansa soja, kakansa soja. Su Gurka haka suke, sama da shekara ɗari biyu suna gangarowa daga duwatsunsu suna yi wa wasu ƙasashe yaƙi. Ya ce kakansa ya haɗu da Hausawa a yaƙin Burma, ya koma gida yana ba da labarin tsayinsu da surutunsu. Na ce na biyun dai na gada.

Saura kwana huɗu salla, muna shan shayi, na ce masa na sayi rago a wata gona bayan gari, ya zo ya taya ni yanka. Ni dai tayi na yi, irin wanda ake yi wa mai wucewa in ana cin tuwo. Sai ga dattijo ya ajiye kofi ya miƙe ya ƙame.

Ashe a barikinsu, in bikinsu na shekara ya zo, mutum ɗaya ake zaɓa ya sare kan dabba ta ƙeya da lanƙwasasshiyar wuƙarsu, kukuri, sara ɗaya tak. In kan ya faɗi, shekara ta yi wa rundunar kyau. In sai an ƙara na biyu, abin kunya ne da ba a mantawa. Sau uku ana zaɓen Saje. Tun da ya tuɓe kaki kuwa ba wanda ya sake neman sa.

"Na gode da wannan girma," ya ce.

Saje ba Musulmi ba ne, ga sara ta ƙeya. In ya sara, ragona ya zama mushe ke nan, layya ta tafi. Amma yaya zan dubi idon mutumin nan in ce ba haka nake nufi ba? Kwana uku ina jiyo shi ta bango yana wasa wuƙa, ni kuma ina ta haɗa maganar da zan faɗa ina rushewa.

Ranar salla bayan idi muka same shi a gonar, ya riga mu. Ya karkata malafarsa ta soja, lambobin yabo reras a ƙirji. Abokina ɗan zangon Kumasi, wanda ya kawo ni a motarsa, ya raɗa mini, "Kai ka ɗaura, kai za ka kwance," ya koma gefe abinsa yana danne dariya.

Na matsa kusa, murya ƙasa-ƙasa. "Saje, ka yafe ni, ni na yi kuskure. A addininmu Musulmi ne zai yanka, ta maƙogwaro, da sunan Allah."

Saje ya zare wuƙar, ya juyo ƙotar ya miƙo mini da hannu biyu. Ya tuɓe malafa, ya durƙusa ya danne mini ƙafafun ragon. Wallahi ban taɓa riƙe abu mai kaifin wannan ba, ja ɗaya na yi aka gama.

A hanyar dawowa muna bayan mota ni da shi, nama a but ɗin motar, ina ta ba shi haƙuri har ya gaji. Sai ya ɗaga hannunsa na dama ya shimfiɗa a gabana. Rawa yake yi, kar-kar-kar, bai tsaya ba.

"Shekara biyu ke nan," ya ce. "Da sai na sara sau biyu, a gaban mutanenka."

Tausayinsa ya kama ni, haushin kaina ya fi. Na ce, "Haba Saje, to me ya hana ka gaya mini tun ranar?"

Ya mayar da hannun kan gwiwa, ya danne shi da ɗayan.

"Ai ka riga ka ba ni aiki," ya ce.