Abin da ya kai wanzami cikin akwatin haske

Wata tara ban ce uffan ba a dandalin nan. Masu cewa na koma Katsina a ɓoye, ina nan ƙasar waje, a unguwarmu ta Tremont. Boko ban yi ba, da yatsa ɗaya nake rubutun nan, ku yi haƙuri da ni.

Shekara ashirin ni nake askin suna a unguwar nan. Sai ƙaiƙayi ya fara mini a gwiwar hannu, fata ta yi kauri tana zubar da ɓawo fari. Ya bazu har baya da ciki, ya sauko bayan hannu.

Mutum uku a masallacinmu suka ce kuturta ce. Waya ta daina ƙara. Yaran da na aske da hannuna su ne suka riƙa kai jariransu wajen wani.

Na haɗiye wannan. Wanda ya tsaya mini a wuya shi ne na surukina Nasiru. 'Yata Bilki tana da cikin fari, ya ce, "Baba, in hannun bai warke ba, gara a nemi wani." A falona, yana cin tuwona.

Likita ta ɗebi fata aka auna. Ta ce soriyasis ne, ba ya yaɗuwa. Man shafawa bai yi ba, sai ta ce a sa ni a haske sau uku a mako.

Na ce, "Hasken ranar da na baro kyauta a gida za ki sayar mini?"

Ta yi dariya. Ta ce ai tsohon magani ne, mutanen Masar na dā ganye suke shafawa su shiga rana, Turawa kuma sun fi shekara ɗari suna warkar da ciwon fata da fitila. Wannan dai awo ake yi masa.

Akwati ne dogo, fitilu ko'ina. Ka tuɓe, ka sa baƙin tabarau, ka tsaya. Ranar farko ko minti ɗaya ban yi ba. Kullum nas mai kula da akwatin tana ƙara lokacin kaɗan, kullum tana cewa, "Yadda ka shiga jiya haka za ka shiga yau."

Abin da ban gaya mata ba, akwai guru a ƙuguna. Ubana ya ɗaura mini ranar da ya ba ni aska. Da shi nake shiga.

Mako bakwai, hannu ya yi sumul. Ƙarƙashin gurun ne kawai yake ci na. Sai na kwance shi na shiga, ban tambayi kowa ba.

Kafin la'asar ƙuguna ya zama wuta. Ya yi ƙuna zagaye, har da ruwa. Fatar wurin ba ta taɓa ganin hasken ba, ta sha awon mako bakwai a tashi ɗaya.

Na je na yi wa nas ɗin masifa a gaban mutane. Ta duba wurin, ta ce, "Me kake ɗaurawa a nan?" Matata Asabe ta ce, "Malam, ka faɗa mata mana. Taurin kai ne ya gasa ka, ba ita ba."

Aka dakatar da hasken mako biyu. Kullum sai na duba bayan hannuna, ina tsoron ɓawon ya dawo kafin Bilki ta sauka.

Ta sauka ina cikin bandeji. Ranar suna Nasiru ya ce in miƙo hannu, ya juya shi gaba da baya kamar mai sayen rago. Na daure. A tsaye na aske jikana, don zama ba ya yiwuwa. Ko ƙwarzane babu.

Na gode wa Allah. Na gode wa Asabe, da nas ɗin da na zaga, ta kuma karɓe ni washegari. Ciwon an ce yana iya dawowa, ina zuwa a duba ni.

Duk wanda aka ce ya shiga haske, ya shiga. Kada ya tsallake rana, kuma duk abin da ke jikinsa, laya ce ko zobe, ya faɗa tun ranar farko. Ba za su kai shi ƙara wajen liman ba.

Mutum ukun nan kuwa, na yafe wa biyu. Na ukun ya san kansa.