Kwanon da Babu Yaji

Batula 'yar Jabo ce, aure ya kai ta Fakku, kuma a nan ta tsufa tana dafa kalwa tana yin daddawa. Duk wanda ya sha miya a wannan yanki ya ci daga hannunta, ko ya sani ko bai sani ba. Mace ce marar hayaniya. Mijinta Attahiru manomi ne, gonarsa can bakin fadama, yana da wani baƙin kare mai suna Duna da ke korar birai daga dawa. Karen bai taɓa taka zauren gidansu ba. Haka aka saba a nan, kare yana gona, gida kuwa wurin salla ne.

Bayan an gama yankan gero Allah ya karɓi ran Attahiru. Batula ta shiga takaba, ba ta ko leƙa ƙofar gida. Duna kuma ya kwanta bakin bukkar gona ya daina cin abinci.

Nan mutane suka nuna halinsu. Waɗanda karen nan ya tsare wa dawa shekara da shekaru, don gonakinsu na maƙwabtaka da ta marigayin, su ne suka fara cewa kare ne kawai, in ya mutu a samo wani. Masu ɗan tausayin cikinsu suka riƙa watsa masa ragowar abincin sadaka, shinkafa jajir da yaji, albasa kamar ita kaɗai aka dafa. Ya lasa sau ɗaya, ya yini yana amai. Wai su alheri suka yi! A kwashe abin da ya kamata a zubar a juji, a juye wa tsohuwar dabba, sannan a zauna ana jiran lada.

Shafi'u, autan Batula, mai kabu-kabu tsakanin Kebbe da Tambuwal, shi ne abin ya dama. Rannan ya shigo da ɗan buhu a hammata, fuskarsa fal murna.

"Inna, na samo ma Duna abinci Tambuwal, na kanti na. Dubi karen ga da ke jiki, ƙato awa maraƙi."

"Hoton za ya ci?" in ji Batula. Ta kwance bakin buhun ta shinshina, ta ji warin man da ya daɗe a ajiye. Ta murza ƙwaya ɗaya a yatsa, tauri kamar tsakuwa. "Haƙora nawa sunka rage ma karen nan?"

"Inna, ni likitan haƙori na? Ban leƙa bakinai ba."

Ya dai kai masa. Duna ya shinshina ya kau da kai. Shafi'u ya dawo jiki a sanyaye, ya ce haƙarƙarin karen duk sun fito, ƙudaje sun cinye masa kunnuwa, ko wutsiya ba ya iya kaɗawa.

"To shi Malam, babanku, mi yaka ba shi?" ta tambaya. Shafi'u bai sani ba. Maƙwabtan gona ma ba su sani ba, sun ce dai kullum sukan hango su biyun a inuwar bukka, ba su taɓa matsawa kusa ba.

Washegari bayan ta idar da sallar asuba, hannunta ya kama aikin da ya saba tun kafin hankalinta ya dawo. Ta ɗauko ƙaramin kwanon sha-ka-tafi na gona, ta marmasa tuwon dawa na jiya, ta jiƙa shi da nono tsala har ya yi laushi, ta ɓare busasshen kifi ta tsince ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya, ta zuba. Ba yaji, ba albasa, ba gishiri. Haka Attahiru ya ce a riƙa yi masa na tafiya gona, wai cikinsa ba ya son zafi da safe. A 'yan shekarun nan ma ya ƙara da cewa a jiƙa sosai, haƙoransa sun fara ciwo.

Sai da ta rufe kwanon ta tuna ba mai ɗauka. Ta zauna a kan turmi da shi a cinya. Can sai wani tunani ya zo mata. Mutumin da ke tauna goro ƙarau-ƙarau har ranar da ya kwanta, ina ciwon haƙori? Mutumin da in an ƙyale shi ko a fura sai ya barbaɗa yaji?

"Kai, Malam!" ta ce a fili, dariya da hawaye suka zo mata tare. "Ashe kare nika yi ma girki. Ka ji kunyar faɗa min."

Wata ƙanwar marigayin da ke taya ta zama ta leƙo, da ta ji bayani ta taɓe baki, ta ce ba ta taɓa jin mai takaba na yi wa kare sanwa ba. Batula ta tashi da kwanonta ta bar ta nan. Da ni ce a wurin, da ta ji amsa.

Ta kira Shafi'u ta miƙa masa kwanon. "Cikin wanga za ka ba shi, kada ka juye ƙasa. Ka zauna kusa da shi, cikin inuwa, kada ka tsaya kainai."

Ya tafi. Ita kuwa ta kasa zama ɗaki, ta tsaya daga cikin zaure, iyakar inda takaba ta yarda mata, tana sauraren kowane babur da ya wuce. Rana ta ɗaga sosai kafin ta ji nasa.

Ya shigo ya kife kwanon a gabanta. Ko ɗigo bai faɗo ba.

"Duka?"

"Duka, Inna. Sannu-sannu dai, yana ci yana duban hanya. Da ya ƙare har ya tashi ya raka ni bakin gona."

Batula ta share ido da gefen mayafi, ta karɓi kwanon. "Gobe in ƙara mai kifi. Ka biya kasuwar Kebbe ka zaɓo mai tsoka, ba irin ƙayar nan da suka ba ka in sun ga kana sauri ba."