Karan Gonar Dabo

Dabo manomin dawa ne a Dudunni, mutum mai taurin kai wanda ko matarsa Kubura ta daina ja da shi. Tun yana saurayi, da an gama girbi Buba Bafulatani ke sauka da shanunsa a gonarsa. Shanu su ci kara su bar taki, Kubura ta samu nono, Buba ya tafi da damin dawa. Ba wanda ya taɓa kiran wannan ciniki.

Da kuɗin mai suka shigo ƙasa, takin zamani ya zo da araha. Maƙwabta suka sallami Fulani daga gonakinsu, suka riƙa ɗaure kara da harawa suna kai wa masu kiwo a Kankia. Dabo ya ƙi.

Ƙanensa Mamuda, wanda ya koma dillancin takin, ya same shi ya ce, "Yaya, ka bar shanun wani suna cinye maka dukiya a banza. Buhu biyu sun isa su yi maka aikin garken Buba."

Ko ɗago kai Dabo bai yi ba. "Shekarar fari da rumbunmu ya ƙare, wa ya riƙa aiko da nonon da 'ya'yanka suka sha? Buba ne, alhali shanunsa na mutuwa. Karan nan nasa ne, ko ka so ko ka ƙi."

Har yau akwai masu cewa Dabo ya tafka asara. Su yi ta faɗa. Ni dai ranar da Dabo ya rasu na ga wanda ya bi gawarsa maƙabarta yana hawaye, kuma ba buhun taki ba ne.