Dikume Mai Gilashi da Kifin Rafin da Ya Mutu

Dikume mai yankan gilashi ne a garin Kiribi. Rabin tagogin layinmu shi ya sa su. Da guntayen da suka rage yake haɗa akwatunan ruwa, ya jera a baranda, ya zuba wasu 'yan kifaye dangin karfasa waɗanda ba sa wuce tsawon yatsa. A wani rafi bayan ƙauyen mahaifiyarsa yake kamo su. Macen cikinta ja ne, namijin kuma jelarsa ɗigo-ɗigo. Ya ce ya zaga rafuka da yawa bai ga mai irin wannan zanen ba.

Matarsa Kwedi tana gasa kifi a bakin teku, rumfarta na jikin tawa.

"Ku ga mijina," takan ce mana. "Kowa na kiwon abin ci, shi na kallo yake kiwo. Ashirin ɗinsu ba za su ishi miyar mutum ɗaya ba."

Wata shekara aka sare dajin ƙauyen, aka dasa kwakwar manja. Da Dikume ya je bayan damina sai ya tarar rafin ya koma kwata, ruwan duk laka. Kwana uku yana saka komar kamun kifi, bai samu ko ɗaya ba. A gida kuwa abin da ya rage masa mace ɗaya ce da maza biyu.

Ya haɗa ta da na farko. Kafin kwana biyu ta yayyaga masa jela, ya mutu. Sai ya sa na biyun, amma ya raba akwatin da gilashi, suna ganin juna ba sa taɓa juna. Ya canza musu ruwan da na sama, ya zuba busassun ganye, ya kifa rabin ɓawon kwakwa da ya huda wa ƙofa, don a irin wannan lungu suke yin ƙwai. Bayan wata guda ya cire shingen. Ta kora namijin bayan dutse, ko abinci ba ta barin ya fito ya ci.

Ana haka, Ebonge wanzami ya ba shi aikin madubi. Dikume ya yanka, ya rasa inda zai ajiye, ya jingina shi jikin akwatin. Da ya waiwayo sai ya ga kifayen biyu kafaɗa da kafaɗa, sun baza ƙaya, suna kai wa nasu hoton hari. Sun ɗauka baƙi ne suka shigo musu. Bai ɗauke madubin ba.

Ebonge ya yi ta sintiri har mako uku.

"Haba Baba Dikume! Masu zuwa aski na son ganin ƙeyarsu!"

"Ka gaya musu ta yi kyau."

"Wai kifi ne ke kwalliya da madubina?"

"Faɗa suke yi. Ka dawo Asabar."

Ana nan sai macen ta shige ɓawon kwakwa, namijin ya tsaya gadi a ƙofa. Rana ta tara ta fito, 'ya'ya na biye da ita kamar ƙura. Dikume ya ƙirga talatin da huɗu. Ashirin da ɗaya suka rayu.

Da suka girma bai sayar ba. Ya ce idan duk suna gida ɗaya, cuta ɗaya ta isa ta gama da su. Ya dinga haɗa ƙananan akwatuna yana rarraba wa maƙwabta mace da namiji. Ebonge ya samu, ni ma na samu. Kwedi ta ce ba ta so, amma ita ke tace musu ruwan sama.

Yanzu idonsa ya yi rauni, ya bar yankan gilashi. Kifin yana gida goma sha ɗaya a unguwar. Ran Lahadi idan an taso daga coci yakan bi gidajen ɗaya bayan ɗaya, ya manna fuska jikin gilashi, ya daɗe. A gidana maganarsa ba ta canzawa: abincin ya yi yawa, in rage.