Takardar Ƙorafina Kan Allon Kilomita

A shekarun da ma'aikata suka fara tururuwa zuwa Abuja, gidajen haya suka yi wuya a Suleja, ina koyar da lissafi a aji biyar na wata firamare. Kullum a kan keke nake bi ta mahaɗar hanyar Madalla. Wata safiya na tarar an kafa sabon allo a bakin titi, an rubuta nisan garuruwa da kilomita. Na sauke ƙafa ɗaya ƙasa ina hararar allon kamar ya zage ni.

Ba wai ban san kilomita ba, tana cikin littafin da nake koyarwa. Amma mahaifina leburan hanya ne, ya yi shekaru yana shafa wa duwatsun mil farar ƙasa, kuma da mil muka tashi muna auna kowace tafiya. Sai na ji kamar aikinsa aka goge.

Na kai maganar teburin mai shayi, na yi sati ina wa'azi a kanta. Wani tela da direbobi biyu suka mara mini baya, mai yiwuwa don in bar su su sha shayinsu. Na zauna na rubuta takardar ƙorafi da Turanci, shafi biyu cif. Babbar hujjata ita ce allon ƙarya yake yi: na mayar da lambar wani gari da ke kansa zuwa mil, na ga ta zarce nisan da kowa ya sani nesa ba kusa ba. Na ja wa wurin layi da jan biro. Su ukun suka sa hannu ba tare da sun karanta ba.

Matata ta ga ina goge babbar riga ranar Laraba, ta tambayi inda za ni. Da na gaya mata sai ta ce, "Malam, garin aka matsar ne, ko rubutun ne kawai ya dame ka?" Na ce mata wannan magana ce ta masu ilimi.

A ofishin ayyuka aka haɗa ni da wani jami'i, mutumin Filato, wanda 'yarsa ke ajina. Ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya ba ni kujera. Ya bayyana mini cewa titin ba a hannunsu yake ba, amma zai karanta saboda girmana. Ina kallo yana bin layukan da yatsa har ya iso jan biron. Nan ya tsaya. Ya ɗauki fensir ya yi ɗan rubutu a gefen takardar, sannan ya juyo mini da ita a hankali.

"Malam, a nan ninkawa ka yi. Ina ganin rabawa ake yi."

Na duba. Mil ya fi kilomita tsawo, don haka lambar raguwa ya kamata ta yi. Zangon karatun da ya wuce na koyar da wannan, har da jan kunnen waɗanda suka faɗi. Jami'in bai yi dariya ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya tambaye ni ko ya sa takardar a fayil. Na ce a'a, zan dawo da gyararriya, na ninke ta na cusa a aljihu.

Mutanen teburin shayi na shaida musu ana duba maganar. Telan ya yi watanni yana tambayata ko an amsa.

Abin da ya fi damuna shi ne 'yar jami'in da ke ajina. Na yi kwanaki ina satar kallon fuskarta don in gane ko babanta ya ba da labari a gida. Ran nan ina tsakiyar darasi ta ɗaga hannu, na tsaya da alli a hannu ina jiran ta tona mini asiri. Ashe izinin shan ruwa take nema. Na ce ta je, kada ma ta yi sauri.