Ƙwayoyin Sahur da San Watanda

Bokona bai wuce ajin da ake koya wa yaro riƙe alli ba, amma in dai kayar da sa ne, duk unguwar Sabo ta Ibadan an san ni. Igiyar kai a hannuna take tun gashina yana baƙi. Mai igiyar kai shi ke tarar sa gaba da gaba, ya zarga masa a ƙaho, ya murɗe wuyan ya kai shi ƙasa, masu igiyar ƙafa su biyo baya. Ranar da ka saki igiyar nan, wankin tumbi za a ba ka. Haka tsarin yake a wurinmu mahauta.

Ɗan ƙanwata ya daɗe yana hararar igiyar. Ƙato ne haifaffen nan, ya yi makaranta, Yarbanci a bakinsa kamar ruwa, ga mata ga 'ya'ya, amma igiyar ƙafar baya nake ba shi.

"Kawu, ka huta mana," ya kan ce. "Gwiwar nan taka ƙara take kamar tsohuwar ƙofa."

"Ƙofar gidan ubanka ce ke ƙara."

Ana tsakiyar azumi muka je kara, kasuwar shanu ta Akinyele, wani farin sa ya ɗana min kofato daidai wannan gwiwar. Na ji ƙarar har cikin haƙorana. Na tashi ina dariya don kada yaron nan ya gani, amma kafin la'asar ƙafar ta koma kabewa. Ga watanda ta matso, lokacin da 'yan unguwa ke haɗa kai su sayi san Sallah a raba kashi-kashi, kuma a gaban kowa ake kayar da shi.

Wani mai kemis a Mokola ya ba ni ƙwayar kashe ciwo da kumburi, ya ce safe, rana da dare, bayan na ci abinci. Sai na zauna na yi lissafi irin na manyan masana: mai azumi ai ba shi da rana. Don haka ta safe da ta rana na haɗe su da sahur, na ƙara wata a kai, tunda ko likitan dabbobi gwargwadon girman sa yake zuƙar allura, ni kuma ba ƙaramin sa ba ne. Sahur ɗin ma ruwan shayi ne kawai. Da an kira magariba kuwa, ƙwaya ce ke riga dabino shiga cikina. Da na ga zafin yana dawowa da azahar, sai na ƙara wa na sahur da akapo, haɗin ƙwayoyin nan da wata Bayarba ke ƙullawa a leda a bakin shataletale. Launinsu daban-daban, na ɗauka aikinsu ma daban ne.

Gwiwa ta yi shiru, ciki ya ɗauka. Kamar an zuba min garwashi a ƙarƙashin ƙirji ana fifitawa. Bayan gida ya koma baƙi kamar kwalta, da wari irin na kwatar da aka kwana ba a wanke ba. Fitsari ya ragu, silifas ya daina shiga ƙafata. Matata, mai soya awara a cikin gida, ita ta fara tuhuma.

"Malam, me kake ci a waje? Ban iya shiga bayi in ka fito."

"Zoɓonki ne ya yi kauri."

"Zoɓon da rabonka da shi tun farkon azumi?"

Ita kaɗai ke ce min Malam a duniya, kuma ba ta taɓa faɗa ba sai in faɗa ne zai biyo baya.

Ranar jajibere da hantsi aka sauke san a filin bayan gidanmu. Baƙi ne, tozonsa ya karkace, idonsa ja. Ina tsaye ƙasa tana juya min, kunnena yana kuka. Ɗan ƙanwata ya miƙo hannu zai karɓi igiyar, na buge hannun.

Na zarga igiya, san ya fizga, ta ɗebe min fatar tafin hannu. Ya shure mai igiyar ƙafar hagu ya watsar da shi cikin bokitai, sannan ya yo kaina ya haɗa ni da bangon bulo. Na ji haƙarƙarina ya lanƙwasa. Na cusa yatsu a hancinsa, na kama ƙaho da ɗaya hannun, na murɗe da duk abin da ya rage min. Muka faɗi tare, shi a ƙasa ni a kan wuyansa. Liman ya yi bisimilla ya ja wuƙa, jini ya yi tsartuwa ya wanke min fuska da ƙirji, san yana gurnani ta yankakken maƙogwaro yana harbin iska.

A nan, ina durƙushe a kansa, cikina ya murɗa ya turo. Na kelaya amai a kan jinin.

Dariya aka yi. Mahauci jiƙe da jini ba abin kallo ba ne, kowa ya ɗauka na san ne ya shiga bakina.

"Kawu ya sha romo tun ba a dafa ba," in ji ɗan ƙanwata.

"Liman, azuminsa yana nan kuwa?" wani ya tambaya.

Matata ce ta keto cikin maza ko mayafi babu. Ta tsuguna ta sa yatsa a abin da na amayar.

"Ku rufe min baki. Jinin san nan ja ne. Wannan baƙi ne, da gudaji. Daga cikinsa ya fito."

Na buɗe baki in ƙaryata ta, amai na biyu ya zo, shi kam ja wur, ta baki ta hanci. Na kifa cikin jinin san, goshina ya daki ƙaho, kuma ashe har lokacin igiyar tana naɗe a hannuna. Sai da suka yanke ta.

Ɗan ƙanwata ne ya saɓa ni a kafaɗa kamar cinyar sa. An ce masu keke-napep suna ganinmu suke ƙara wuta, sun ɗauka sara aka yi, sai da ya tsaya a tsakiyar titi ya zazzage wa wani Yarbanci. A asibiti aka zura min roba ta hanci har ciki, ina shure-shure ana danne ni, kamar yadda na danne na wasu shekara da shekaru. Da na farfaɗo likita ta ce ƙwayar kemis da rabin abin da ke cikin akapo dangi ɗaya ne. Sun cinye bangon cikina har suka huda jijiya, ƙodata kuma saura ƙiris ta ajiye aiki.

"Baba, kai mahauci ne, ka san tumbi," ta ce. "Kankare naka ka yi ta yi, babu abinci a ciki."

Jinin da aka ƙara min na ɗan ƙanwata ne. Ya zo ya tsaya a kaina da auduga a hannu.

"Kawu, yanzu in ka zagi ubana, da jininsa ka zage shi."

Na harare shi, robar tana hancina.

Da babbar Sallah ta zo, da kaina na ɗauko sabuwar igiya na jefa masa, na ce saura ya ba ni kunya. Ya kayar da san da murɗa ɗaya, ɗan banza. Ni kuma aka ajiye min baho da kujera a inuwa. Na juye tumbin na buɗe shi, na daɗe ina kallon lallausan bangon nan. Har aka fara yi min tsiya wai tsoho ya cika nawa, don a hankali nake wanke shi.