Teburin Canjin da Na Saya a Gwanjo

Filina ɗaya da ke bayan Ƙofar Sauri, da motata a-kori-kura, da shanu huɗu da nake kiwo wurin ƙanena a ƙauye, su na sayar na haɗa kuɗin da na shiga wannan ciniki. Na fara da lissafin ne don ku san ba da wasa na shiga ba. Kuma wallahi abin da zan faɗa muku a kaina ya faru, nan cikin Katsina, shekarun baya kaɗan, ba wani ya ba ni labari ba.

Sana'ata sayen kayan gwanjo. In kanti ya karye ko ofis zai tashi, ni ake kira in yi wa kayan kuɗi a dunƙule, in kwashe, in riƙa sayarwa ɗaya-ɗaya a shagona da ke Ƙofar Guga. Ban gaji komai ba, da tura baro na fara, don haka ba na biyan kuɗin abin da ban juya na duba ƙasansa ba.

To akwai wani babban kanti mai rassa a garuruwan Arewa, ba sai na kama sunansa ba, mu dai a nan Dawo-da-shi muke ce masa. Muna yara, in aka ce daga can aka sayo abu, magana ta ƙare. Kowane kaya nasu suna buga masa ɗan tambari a ƙasa, kuma kusa da ƙofar shiga akwai wani dogon tebur na katakon maɗaci, shi ne teburin canji. In abinka ya lalace, ko bayan shekara nawa ne, ka ɗora shi a kai, a juya a ga tambari, a miƙo maka sabo, babu neman rasit, babu sa ka rantsuwa.

Da mai kantin ya rasu 'ya'yansa suka karɓa, sai suka fara cika wurin da kayan da ba su da ƙwari, tambarin kuwa ana nan ana bugawa. Kaya suka riƙa dawowa fiye da yadda ake sayensu. Ba su taɓa fitowa sun ce sun daina canji ba, sai dai a ce maka, "Babu irinsa yanzu, ka dawo wani watan." Mutane suka yi ta sintiri har suka gaji, wasu har suka mutu ba a canza musu ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana cikinsu. Agogon bango ya saya, bai yi mako yana tafiya ba ya tsaya, ya kai shi ya fi a ƙirga, ƙarshe ya rataye shi haka nan a ɗakin mahaifiyata. Rassan suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya har aka zo kan na Katsina, ni kuma na saye duk abin da ya rage a ciki: firji, fanka, dutsen guga, rediyo, filas, agoguna, yawancinsu ko kwali ba a buɗe ba. A lissafina riba ce tsagwaronta.

Ranar kwasar kaya, wanda ya miƙo mini makullai wani dattijo ne, Malam Lawal, shi ne ke zama bayan teburin canji tun yana saurayi. 'Yan dako sun kama teburin za su ɗaga, sai ya dafa shi.

Ya ce, "Alhaji, wannan kuma fa?"

Na ce, "Yana cikin ciniki, Malam. Katakonsa kaɗai ya fi rabin tarkacen nan daraja."

Ya ce, "Ba katakon nike ji ba. Akwai mutanen da na ce ma su dawo a kan teburin nan, da bakina, ba su ƙirguwa. In ka ɗauke shi, ina za su?"

Rana ta take, mota na jira, ni kuma na ɗauka tsufa ne da baƙin cikin rasa aiki. Na yi dariya na ce, "Su zo Ƙofar Guga mana, ni zan canza masu."

"Ka ɗauka?"

"Na ɗauka."

Sai ya juya ga dillalai biyu da ke tsaye ya ce, "Kun dai ji." Ya miƙo hannu muka tafa. A sana'armu duk abin da ka faɗa hannunka cikin hannun mutum a gaban shaidu ya shiga ciniki, na san haka sarai, amma a raina lallashin tsoho nake yi. Na ga dai ya sauke wata ajiyar zuciya kamar wanda aka sauke wa buhu daga ka.

Na kai teburin shagona na ajiye a bakin ƙofa, ina jiran mai saye. Ba a daɗe ba, wata rana tsakanin azahar da la'asar, lokacin da layinmu ke yin tsit, sai ga wata tsohuwa ta yi sallama, sanye da irin atamfar da rabona da ganinta tun ina yaro. Muka gaisa, ta tambayi gida, ta tambayi kasuwa, sannan ta zaro wani filas daga mayafinta ta ɗora a kan teburin ta ce, "An ce in dawo."

Na ce, "Iya, ai kantin nan ya rufe, ni kayan kawai na saya."

Ba ta yi musu ba. Cewa ta yi, "To madalla, Allah shi yi albarka," kamar wadda aka biya wa buƙata. Na sunkuya na ɗauki filas ɗin in mayar mata, na juya shi bisa al'ada na ga tambarin, ina ɗagowa babu kowa. Na leƙa waje, maƙwabcina Alhaji Sada mai taya yana zaune a kan benci, na tambaye shi ina tsohuwar nan ta bi.

Ya ce, "Wace tsohuwa? Tun da muka dawo masallaci ko akuya ba ta gifta ba. Ko dai ba ka ci abinci ba ne, Alhaji? Kai dai rowa za ta kashe ka."

Na koma ciki, ban san abin da ya sa ba na jawo kwalin filasai wanda har lokacin yana manne yadda ya zo, na yanka shi da reza. Gurbi ɗaya babu komai.

Daga ranar abin ya zama kullum. Wani lokaci in ga mai kayan, wani lokaci in juya baya kawai in tarar da tsohon dutsen guga ko mataccen rediyo a kan tebur, in na duba kuma sabo ɗaya irinsa ya fita daga kayana. Ba su taɓa ɗaukar abin da ba irin nasu ba, ko allura. Na ce sata ce, na canza kwaɗuna, na sa kyamara a shagon. Da na kunna hoton, wallahi tallahi, ni na gani tsaye ina gaisawa da ƙofar da babu kowa, har da ɗan rusunawa, sannan ga fanka a kan tebur wadda babu ita a da. Ban sake kunna shi ba.

Na tara matattun kayan na sayar wa 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, a kilo, washegari suna nan jere inda na kwashe su. Na ce to teburin ne. Na kira masu faskare suka farfasa shi a gabana, katakon da nake wa kirari, na ba masu tuyar ƙosai suka hura wuta da shi. Kaya suka ci gaba da zuwa, a ƙasa ake ajiyewa, daidai inda ƙafafunsa suka bar shaida a siminti. Na kawo malamai suka yi sauka, na yi sadaka. Ɗaya daga cikinsu da ya gama jin bayanina ya tambaye ni ko sun taɓa lafiyata, na ce a'a, ko sun ɗauki fiye da nasu, na ce a'a. Ya ce, "To Alhaji, ni dai ban san addu'ar da ake korar mai haƙƙi da ita ba."

Na nemi gidan Malam Lawal a wajen Gobarau, na same shi a zaure har ya yi ƙiba. Na ce ya karɓi abinsa, in ba shi ko nawa yake so.

Ya ce, "Haba Alhaji, kai fa ɗan kasuwa ne. An taɓa maido ciniki bayan an tafa? Ni kau tun ranar nike barci lahiya lau."

Na ce, "To su nawa ne?"

Ya ce, "Ban ƙirga ba. Nan kaɗai nike faɗa maka, ban san na sauran rassan ba."

Wata rana da rana ina zaune na kifa kai, sai na ji sallama, kafin sallamar kuma ɗan gyaran murya da na sani tun ina goye. Ban iya ɗaga kai ba. Ƙafafu na gani, da takalmin fata mai ɗinki a babban yatsa, da hannun da ya ajiye agogon bango a ƙasa.

Ya ce, "An ce in dawo."

Bai kira sunana ba. Bai tambayi mahaifiyata ba. A wurinsa ni mai teburin ne kawai. Na tashi na zaɓo agogon da ya fi kyau cikin waɗanda suka rage, na sa masa batir da hannuna, na saita, na ajiye kusa da nasa ba tare da na dube shi ba. Ya ce, "Madalla." Da na waiwaya sabon babu shi. Na rufe shago na tafi gida kai tsaye ɗakin mahaifiyata, na same ta zaune a kan sallaya tana kallon bango.

Ta ce, "Kai ka ɗauki agogon babanku? Tun ɗazu nike kallon ƙusar nan."

Na dubi bangon, ƙusar ce kaɗai, na juya na fita.

Kayana sun ƙare, masu dawowar ba su ƙare ba. Ranar da wani dattijo ya ajiye rediyo, na duba babu ko ɗaya da ya rage, ya tsaya yana jira, ba fushi, ba gaggawa. Sai na ji bakina ya ce, "Babu irinsa yanzu, ka dawo wani watan."

Ya ce, "To." Ya ɗauki rediyonsa.

A ranar na garƙame shagon. Yanzu taki da hatsi nake sayarwa a wata unguwa, abin da wancan kanti bai taɓa sayarwa ba, kuma ba na zama a rumfa tsakanin azahar da la'asar. Shawarata ga duk mai sayen kayan wanda ya karye, kada ka tsaya a juya kaya kawai, ka tambayi abin da ya ce wa mutane kafin ya karye, kuma kada ka tafa hannu a kan maganar da kake ganin wasa ce.

Fili ya tafi, mota ta tafi, shanu huɗu sun tafi. Abin da ya rage mini shi ne shago cike da matattun kaya wanda har yau ni ke biyan hayarsa, da agogon mahaifina da ba ya tafiya, da mutanen da ban san yawansu ba waɗanda ni da bakina na ce su dawo.